Tarkon fitila daban, jikin tunkiya daban

Aikina duba lafiyar dabbobi ne, galibi tumaki da awaki a ƙauyukan da ke gefen Zariya, kuma da zarar damina ta kankama tambayar da aka fi yi mini ba ta wuce ta maganin ƙuda. Mutum zai sayi maganin nan da ake zuba wa dabba a gadon baya, ya zuba, bayan sati guda ya tare ni a hanya: "Likita, na fa zuba, amma har yanzu ƙuda na nan a kansu." Wani kuma ya ce nasa ya yi aiki sosai, tun da ya zuba bai ƙara ganin ƙuda ba. Dukansu da ido suka auna, ido kuwa ba ya rarrabe abubuwan da ya kamata a rarrabe a nan. Ƙuda ya zo kusa da tunkiya, wannan daban. Ya sauka a jikinta, daban. Ya huda fata ya sha jini, shi ma daban, kuma ta nan ne cuta ke shiga ko fita. Maganin da bai hana ƙuda zuwa ba yana iya hana shi sha. Wanda kuma ya kore taron ƙudan da ake gani da rana yana iya barin masu cizon magariba su ci karensu ba babbaka.

Ba kowane ƙuda da ke kan dabba ne mai cizo ba. Waɗanda ke cincirindo a ido da hanci da bakin gyambo lasa suke yi, ba su da bakin huda fata. Masu shan jinin su ne bobuwa, wadda macen ce kaɗai ke cizo, ta tsaga fata jini ya fito ta sha. Sai ƙudan garke da masana ke kira Stomoxys, wanda in ba ka lura ba ka ɗauka ƙudan gida ne, amma bakinsa tsini ne a miƙe, mace da namiji duk suna sha, kuma sun fi bin ƙafafu. Sai tsando a kurmi da bakin rafi, mai kawo sammore. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙyashi, jinsin Culicoides. Tsawonsa milimita 1 zuwa 3, yana ratsa gidan sauro, yana fitowa da almuru da kuma asuba, lokacin da mai tumaki ke masallaci ko bai leƙa garke ba tukuna. Mutum sai ya yi shekaru yana kiwo bai taɓa ganinsa a jikin dabbarsa ba.

Ƙyashin nan shi ke yaɗa cutar shuɗin harshe, wata cutar tumaki da shanu. René du Toit ne ya tabbatar da haka a 1944 a cibiyar Onderstepoort da ke kusa da Pretoria a Afirka ta Kudu, kuma sunan wannan cibiya ne tarkon da aka fi kama ƙyashi da shi a duniya ke amsawa. Tarkon ba shi da wuyar sha'ani: fitila mai shuɗin haske a sama, fanka a ƙarƙashinta tana zuƙo duk abin da ya matso, kwalba a ƙasa da ruwa da ɗigon sabulu. Ka rataye da yamma, ka dawo da safe ka tarar da dubbai. Sauƙin nan ne ya sa aka dogara da shi shekara da shekaru, har aka riƙa ɗaukar abin da ke cikin kwalbar a matsayin abin da ke cizon dabbobin gonar. Amma kamar mutum ne ya tsaya a ƙofar kasuwa yana ƙirga masu shiga, sa'an nan ya ce ya san cinikin da mahauci ya yi. Tarkon yana faɗa maka nau'in da haske ke ja. Kuma haske ba ya ja sai duhu ya yi, don haka duk ƙyashin da ya gama shan jininsa kafin rana ta faɗi ya wuce ba a ƙirga shi ba. In farin wata ya fito ma kamun raguwa yake yi, alhali cizon bai tsaya ba.

Turawa sun gane haka ne bayan da abin ya ci su. A watan Agustan 2006 cutar shuɗin harshe nau'i na 8 ta ɓulla a Holan, ta bazu zuwa Beljiyam da Jamus da Faransa, ta ƙetara Ingila a watan Satumban 2007. Kafin nan ana ganin cutar ta ƙasashen zafi ce da bakin Bahar Rum, inda ƙyashin imicola yake, wato irin wanda muke da shi a Afirka. To arewacin Turai babu imicola. Ke nan wani ne daga cikin ƙyashin gida ke yaɗa ta, sai dai wane? Simon Carpenter da abokan aikinsa na cibiyar Pirbright a Ingila suka ce bari su tambayi tunkiyar da kanta. Suka sa ta a tsakiyar wata rumfar raga da ake saki ta rufe ta, suka kwashe abin da aka rutsa a ciki, suka gwada da abin da tarkon fitila ya kama a wuri ɗaya. Sakamakon da suka fitar a 2008 ya nuna wani nau'i mai suna chiopterus, wanda ke ƙyanƙyasa a kashin shanu, yana da yawa a kan tunkiya, amma a tarkon fitila da ƙyar ake ganinsa. Ga mai laifi a cikin garke, masu gadi suna can suna ƙirga wasu. A arewa maso gabashin Sifen ma Alec Gerry da Bradley Mullens sun zuƙo ƙyashi kai tsaye daga jikin tumaki suka gwada da tarkuna, nan ma lissafin tarko da na jikin dabba ba su zo ɗaya ba.

Da na karanta waɗannan sai na ga ai ba abin da ya fi ƙarfinmu a ciki. Na sa aka kafa mini sanduna huɗu a bayan garkena, wajen da ke fuskantar fadama. Gidan sauro ba zai yi ba, don haka na sayi farin yadin labule marar nauyi, mai saƙa a matse, tela ya ɗinka mini shi kamar ɗaki marar ƙofa. Ana naɗe shi a sama, a ɗaure da igiya mai zarge. Da la'asar sakaliya sai in turke 'yar Yankasa ɗaya a tsakiya, in ja da baya can nesa, ta inda iska ba za ta kai mata warina ba. Bayan minti goma in ja igiya yadin ya faɗo. In ƙara ba su wasu minti goman, don waɗanda suka riga suka kafa baki su gama, sa'an nan in kutsa ciki da tocila da bututun zuƙa, wato 'yar kwalba mai roba biyu, ɗaya a bakina da ƙyalle a tsakani, ɗaya ina bin jikin yadin da ita. A jikin farin yadi ƙyashi ɗigon baƙi ne kawai, sai ka kafa ido. Waɗanda suka ƙoshi ba sa tashi da sauri, sukan lafe can sama ta ɓangaren da sauran hasken rana ke bugawa.

Washegari ne ake aikin gaske, a ƙarƙashin madubin likita. Wanda bai sha ba cikinsa siriri ne, launin toka. Wanda ya sha kuwa cikin ya kumbura ya yi jawur, har kana ganin fatar tsakanin gaɓoɓin cikin ta buɗe. Zanen ɗigo-ɗigon da ke fiffikensa shi ke gaya maka nau'insa. Akwai kuma rukuni na uku, wanda wani masani ɗan Ostareliya, Alan Dyce, ya koya wa duniya ganewa a 1969: macen da ta taɓa shan jini ta yi ƙwai, jikin cikinta yakan riƙe wani ja mai duhu da ba ya gogewa, ko da yanzu cikin ba komai. Wannan alama tana da muhimmanci ƙwarai. Ƙwayar cutar shuɗin harshe ba ta bin ƙwai, sai ƙyashi ya sha jinin dabba mai ɗauke da ita, ta yi kwanaki tana hayayyafa a jikinsa har ta isa ga yawunsa, sa'an nan ya zama haɗari. Ke nan a cikin ɗari da suka sauka a kan tunkiya, tsofaffin nan masu jan ciki kaɗai ne za su iya sa mata cutar. Kamu guda ɗaya sai ya ba ka amsa uku: nawa suka zo, nawa suka sha, nawa ne suka taɓa sha a baya.

Abin da rumfar ta fara nuna mini ma ba lissafi ba ne. In ka durƙusa ka haska, ba a gadon baya za ka same su ba. Suna can a mara, da matsematsin cinya, da gefen hantsa, da cikin kunne, duk inda gashi ya yi ƙaranci fata ta yi laushi. Tunkiya tana buga ƙafa, tana karkaɗa kunne, fatar cikinta tana rawa, mai ita yana tsaye a gefe yana kallon bayanta tas yana cewa babu ƙuda.

Rumfar tana da nata aibun, kuma gara a faɗe shi. Tunkiya dabbar garke ce, in ka ware ta ita kaɗai hankalinta tashi yake yi, ta yi ta kuka tana zagaye turke tana haki. Numfashin da take fitarwa kuwa yana cikin manyan abubuwan da ke jawo masu shan jini, motsin kuma yana hana su sha, ka ga ka lalata ma'aunin ta fuska biyu. Nakan turke 'yar'uwarta a inda za ta riƙa hango ta, sai ta natsu, duk da na san waccan ɗin ma tana janye wasu. Wuri ma yana da tasiri. Turken da ya fi kusa da juji ko da ruwa zai fi kamu ko wace dabba aka ɗaure a kai, shi ya sa in za a gwada tunkiya mai magani da marar magani dole a riƙa musanya musu wuri kowace yamma har kowacce ta zauna a kowane turke. Ranar da iska ta taso kuwa a naɗe yadi kawai, ƙyashi ba ya iya tashi a iska mai ƙarfi. Babban aibun dai shi ne ni kaina, mutumin da ke tsaye a wurin.

Wannan matsala ta mutum Glyn Vale ne ya warware ta a kan tsando, a tashar bincike ta Rekomitjie da ke kwarin Zambezi a ƙasar da yanzu ake kira Zimbabuwe. A da, yadda ake ƙirga tsando shi ne ma'aikata su bi wata hanya a daji da 'yar ragar hannu suna kama wanda ya biyo su, kuma galibin abin da suke kamawa maza ne. A farkon shekarun 1970 Vale ya ƙera ragar lantarki, siraran wayoyi a jere da ƙuda ba ya gani, in ya buga ta sai ya faɗa cikin faranti a ƙasa, ba sai kowa na wurin ba. Nan aka gano cewa kasancewar mutum kusa da bijimi korar tsandon dajin can take yi, musamman mata. Shekaru ana auna tsando da ma'aunin da ke korar sa. Ya kuma haƙa rami ya sa bijimi a ciki, fanka tana turo warinsa waje ta bututu, tsando suka yi ta zuwa ba tare da sun ga dabba ba. Daga wannan layin bincike ne aka samo sinadaran da ake sa wa tarkon tsando yanzu, irin su asiton da oktenol da waɗanda ke cikin fitsarin shanu.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce da'irar da ba a rufe ba. Ana kewaye dabba da ragogin lantarki amma a bar giɓi tsakaninsu. Wasu ƙudajen su bugi raga daga waje suna shigowa, waɗannan su ne ma'aunin masu zuwa. Wasu su shige ta giɓi, su yi abin da za su yi, su bugi raga daga ciki suna fita. A cikin na biyun sai a duba kashi nawa ne ke da sabon jini a ciki. Da wannan Vale ya nuna cewa dabba tana iya jawo tsando da yawa amma kaɗan su samu sha, don ba ta tsayawa. Akuya ita ce misali: da aka yi mata allurar barci, masu samun sha suka ninka sosai. Warinta bai canza ba, girmanta bai canza ba, bugun ƙafa da karkaɗa jiki kawai aka cire. Daga baya Stephen Torr da abokan aikinsa suka nuna maruƙa sun fi manyan shanu kare kansu, har suka bi jinin da ke cikin tsando da gwajin ƙwayoyin halitta suka gano daga wace saniya takamaimai aka sha shi a cikin garke, suka tarar manya ne ke ɗaukar galibin cizon. Kuma da yake tsando a ƙafafu da ciki yake sauka, fesa magani a waɗannan wurare kaɗai ya wadatar, kuɗin magani ya ragu ƙwarai. Wannan riba ce da ta shiga aljihun makiyayi, kuma daga ƙirga cizo ta fito.

Na taɓa ba wani dattijo labarin akuyar nan a rugarsu. Ya saurara har na gama, ya ce, "Ɗana, ai wadda ta fi laƙwas ita suka fi ci. Ka duba marar lafiya in ta kwanta." Na ce, "Baffa, to hayaƙin da kuke turawa da magariba fa, kuna ganin yana hana su sha ne ko zuwa yake hana su?" Ya ce shi dai ya san in an hura wuta da ɗanyen ganye dabbobi da kansu suke matsowa su tsaya cikin hayaƙin, kuma ba ya barin tumaki su kai almuru a fadama. Maganarsa ta farko daidai take da abin da ragar lantarki ta nuna. Hayaƙin nan kuwa, a ganina, ya cancanci a auna shi da irin ma'aunin da ake auna maganin kanti, rumfa ɗaya da hayaƙi ɗaya babu, ana musanya wuri.

In muka dawo kan maganin gadon baya, yawancinsa dangin deltametirin ne, kuma aikinsa ya dogara ga yadda ya bi maiƙon fata ya bazu daga baya zuwa sauran jiki. A wani gwaji da aka fitar a Faransa a 2011, an bar ƙyashi ya sha jinin tumakin da aka zuba wa maganin, kuma ko a ranar da ya fi ƙarfi, kwana huɗu bayan zubawa, bai kashe rabinsu ba. Tumakin Turai ulu gare su, ulu kuwa riƙe magani yake yi a inda aka zuba, kaɗan ke isa ciki da ƙafafu inda cizon yake. Namu fa? Yankasa da Uda da Balami duk gashi gare su, ba ulu ba. Ba daidai ba ne in ɗauko sakamakon Faransa in ce wa mutumin Giwa ko Soba maganinsa ba ya aiki, haka ma ba daidai ba ne in karanta masa abin da ke jikin kwalba in ce ya kwanta da hankalinsa. Abin da nake ce musu yanzu shi ne, in kana son sanin ko ya yi aiki, kada ka duba baya da tsakar rana, ɗauki tocila da magariba ka duba mara da kunne.

Wani zai ce me ya dame mu da cutar Turawa. Ba tasu ba ce su kaɗai. An ware ƙwayar cutar shuɗin harshe a Ibadan, rahoton ya fito a 1974, an kuma bibiye ta a garken shanun Vom da ke kusa da Jos. Da aka duba ƙwayoyin halittar wadda ta ɓulla a Holan a 2006, wadda ta fi kusa da ita a cikin waɗanda ake da su a ajiye ita ce wata da aka samo a Nijeriya a 1982. Tumakinmu na gida sun saba da ita, yawanci ba sa nuna alama, shanu ma sukan ɗauke ta makonni a jininsu suna kiwonsu lafiya. Wanda ya shigo da irin tumakin waje shi zai ga kumburin fuska da dalalar yawu da gyambon baki da ɗingishi. Ban da wannan ma, bobuwa da ƙudan garke suna iya ɗaukar sammore a bakinsu daga wata dabba zuwa wata a inda babu tsando ko ɗaya. Zazzaɓin Rift Valley da ya kashe mutane da dabbobi a jihar Tawa ta Nijar a 2016 sauro ne ke yaɗa shi tsakanin dabbobi, kuma rumfar nan ɗaya ce ake auna sauro da ita. Ko babu cuta ma, ragon da ya kwana yana buga ƙafa ba ya tuƙa yadda ya kamata, mai kiwon layya kuwa ya san abin da hakan ke nufi ga dusa da harawar da yake zubawa.

Abin da nake shirin gwadawa a damina mai zuwa Uda ce. An san masu cizon rana da ido suke farauta, shi ya sa tarkunan tsando da bobuwa ake ɗinka su da shuɗi da baƙin yadi, kuma a Hangari an nuna farin doki ya fi baƙi ko ja tsira daga bobuwa. Uda kuwa gabanta baƙi ne ko ja, bayanta fari, dabba ɗaya, wari ɗaya, hali ɗaya. Zan zauna nesa da madubin hangen nesa in riƙa ƙirga saukar bobuwa a gaba da baya. Matsalar ita ce numfashi ta gaba yake fita, don haka ko babu bambancin launi gaba na iya fin baya. Saboda haka sai na haɗa da farar Balami a turke na biyu, in ga yadda nata rabon gaba da baya yake, sa'an nan in san abin da launi ya ƙara. Masu Uda da ke kusa da Zariya, wanda zai iya ba ni aron tunkiya biyu masu natsuwa daga Yuli zuwa Satumba, ciyarwarsu a wuyana.